Bangon da Afiniki Ta Ƙi Rushewa

Akwai wani mutum a wani gari, sana'arsa ɗaukar hoto da bidiyo. In ana ɗaurin aure a majami'a, shi za ka gani yana sanɗa a gaban bagade da kyamara a kafaɗa. In mawaƙa sun ɗinka sabon anko, tun tela bai gama guga ba an aika a kira shi. Mutum ne mai fara'a, hannunsa a sake, amma yana da hali guda da ya gagari kowa: ba ya iya ganin wuri a buɗe ya ƙyale shi. Shagonsa kwali ne a kan kwali, mai shiga sai ya karkace. Matarsa Damaris takan ce da za a ba shi filin ƙwallo, kafin sati a rasa inda za a ajiye ƙafa.

Da aiki ya yi yawa, sai ya sayi kwamfuta, ya kira ƙanwarsa Afiniki ta shirya masa ita, gama ita ce ta karanci wannan aiki, a birni kuma take zaune.

A cikin kowace kwamfuta akwai faifan ajiya, inda komai yake kwana. Afiniki ta raba faifan nan biyu, abin da masu aikin ke ce wa fatishan, kamar yadda magini yake jan bango a tsakiyar babban ɗaki ya zama ciki da falo. Ƙaramin ɗakin ta ba injin kansa. A nan ne manhajar da ke tashe shi take zaune, wadda ke kunna allo, ta saurari maɓallai, ta buɗe duk abin da aka ce ta buɗe. Masu sana'ar suna kiran wannan ɗaki rut, wato saiwa. Babban ɗakin kuwa ta bar wa yayanta.

Ta ce, "Yaya, ga naka. Duk hoton da ka zuba, duk bidiyon da ka ajiye, nan zai shiga. Wancan ƙaramin ka bar mata."

Ya leƙa allon, ya ce, "Ƙaramin nan na ga fiye da rabinsa babu komai. Wa kika ajiye wa, baƙo?"

Ta ce, "Na numfashinta ne. In ta kama aiki tana bukatar inda za ta juya, ta ajiye wannan ta ɗauki wancan. Ran da ya cika maƙil, ko kunnuwa sai ta gagara."

Ya yi dariya ya ce, "Yanzu har inji ma numfashi yake yi? Afiniki, karatun nan naki zai kai mu wani wuri." Ya gode mata dai, amma a ransa yana ganin ɓarnar wuri ce kawai.

Mutumin nan yana da tsohuwa a gida, mahaifiyarsu, yana kuma da wa mai suna Irmiya. Shekarun baya Irmiya ya so ya ɗauke tsohuwar zuwa inda yake aiki, can nesa, a rufe gidan gado. Ta ce ba inda za ta. Magana ta yi zafi, har Irmiya ya faɗi abin da ɗa bai kamata ya faɗa wa uwa ba, ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka gidan nan ba. Ya tafi, bai kuwa sake takawa ba.

Wata rana da yamma tsohuwar tana ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro, ta kira mai hoton ta ce, "Ɗauko abin nan naka mai kama murya. Ina da magana da yayanka." Ya kafa kyamara, ta yi maganarta ta gama. Sa'an nan ta ɗaga masa yatsa ta ce, "Kada ka tura masa ta waya. In yana son ji, ya zo gida ya zauna ya ji." Ya juye bidiyon a kwamfuta, ya goge katin kyamarar domin wani biki da ke gabansa. Ko suna bai sa wa bidiyon ba, ya bar shi da lambobin da kyamara ta ba shi. Bayan girbi tsohuwar ta kwanta, ba ta tashi ba. Irmiya bai zo jana'iza ba. Ya ce hanya ce ta hana shi, amma kowa ya san kunya ce.

Sai dangi suka sa ranar sujadar godiya domin rayuwarta. Mai hoton ya kira wansa ya ce, "Yaya, Mama ta bar maka magana da bakinta, tana wurina. Amma ta ce sai ka zo gida." Irmiya ya ce zai zo. Maganar nan kuwa ba ta ko'ina a duniya sai a cikin kwamfutar nan.

Ana nan, mutumin yana ta halinsa. Duk manhajar da aboki ya yaba, sai ya sauke ta: mai goge ƙurajen ango, mai sa furanni su yi ta zubowa a kan amarya, mai sa sunan ma'aurata ya yi ta juyi kamar fanka. Dukansu a ƙaramin ɗakin suke sauka. Manhajar haɗa bidiyo kuma, duk aikin da ta yi sai ta bar tarkace a can, irin ƙyallayen da ke taruwa a ƙarƙashin keken tela. Bai taɓa sharewa ba. Sai wani ɗan akwati ya fara fitowa a kusurwar allo yana cewa wuri ya kusa ƙarewa a ɗakin saiwa. Ya rufe shi. Ya sake fitowa, ya sake rufewa, har hannunsa ya saba, yana rufewa bai karanta ba.

Da kwamfutar ta fara jan ƙafa, ya kira Afiniki ya ce, "Zo ki rushe bangon nan naki. Ga babban ɗaki da sauran wuri, ga ƙarami yana kuka. Haɗe su kowa ya huta."

Ta ce, "Yaya, ina zuwa sujadar Mama. In na zo zan share shi, in ƙara masa faɗi. Amma bango kam ba zan rushe ba. Kafin nan, don Allah kada ka taɓa abin da ba ka san shi ba."

Ya ce, "Ni da na riƙa kai ki makaranta a bayan keke, yau ni kike kafa wa doka a shagona?" Ya kashe wayar.

Ana saura kwana kaɗan sujadar, ga aikin wani biki a hannunsa, ga dangin amarya suna ta sintiri, kwamfutar kuwa sai ka danna ka je ka sha ruwa ka dawo ba ta amsa ba. Sai ya ce a ransa, sharar ɗaki ai ba ta bukatar digiri. Ya buɗe ƙaramin ɗakin, ya jera abin da ke ciki daga babba zuwa ƙarami. Ya ga waɗansu manyan abubuwa masu sunaye da ba na mutum ba, ba na gari ba. Ya ce, "Wannan ba hoton kowa ba ne, ba bikin kowa ba ne, zaman me yake yi?" Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ta nemi kalmar sirri, ya ba ta. Ya goge na farko, ya goge na biyu, ya bi jerin yana gogewa, wuri yana buɗewa, ransa yana yin fari.

Ya kira matarsa ya ce, "Maman Salama, zo ki gani. A gaya wa 'yar birni mun gama aikin." Ya kashe kwamfutar ya tafi cin abinci. Da ya dawo ya kunna, sai baƙin allo da ɗan farin rubutu a sama. Ya kashe ya kunna, haka. Ya zare waya ya mayar, ya hura mata iska, ya ɗan bubbuga ta, haka. Ashe abin da ya goge, da shi take tashi.

Ya naɗe ta a zane ya kai wa wani mai gyara a kasuwa. Mai gyaran ya kunna ya duba sama-sama, ya ce, "Oga, wannan sai fomatin gaba ɗaya. Komai zai tafi, amma za ta dawo sabuwa. In yi?" Mutumin ya fizge kayansa ya dawo gida. Yana shiga, waya ta yi ƙara. Irmiya ne, yana cewa ya kama hanya.

Sai mutumin ya zauna a bakin ƙofa da kwamfuta a cinya. Tsoro ya kama shi, da baƙin ciki, da kunya. Wansa yana tafe daga nesa domin magana guda, maganar da tsohuwa ta damƙa masa amana, ga shi ya share ta da hannunsa don neman wuri. Tsohuwar kuwa ba za ta dawo ta maimaita ba.

Damaris ta ce, "Baban Salama, kira Afiniki."

Ya ce, "Da wane baki?"

Ta ce, "Da wanda ka yi mata faɗa da shi. Ba ka da wani."

Ya kira. Washegari da hantsi sai ga Afiniki da jakarta. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta tambaya kawai, "Me ka goge, Yaya?" Ya ce, "Waɗanda suka fi girma." Ta ɗora hannu a ka, ta ce, "Wayyo Allah." Sa'an nan ta ciro wani ɗan abin ajiya da ake kira filash, mai ɗauke da tasa manhajar ta tashi, ta soka, ta kunna. Allo ya kawo haske. Ta leƙa ƙaramin ɗakin, ta tarar da kango. Ta juya ta buɗe babban, yayanta yana tsaye a bayanta. Sai ga bukukuwa a jere, ga mawaƙa da ankonsu, ga komai yadda ya bar shi. Can ƙasa ga wani babban bidiyo mai lambobi a maimakon suna. Ta danna, sai ga gindin mangwaro, ga tsohuwa da faifan gyaɗa a cinya. Ta yi maza ta tsayar da shi, domin maganar ba tata ba ce.

Ta ce, "Yaya, dubi girmansa, dubi sunansa. Da ɗaki ɗaya ne, da yana can saman jerin da ka bi kana gogewa. Bangon nan ne ya tare hannunka."

Mutumin ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska. Sa'an nan ya ce, "Na gode wa Allah da ba ki ji maganata ba."

Kafin ta taɓa komai, Afiniki ta kwafe bidiyon Mama zuwa wani faifai dabam, ta miƙa wa Damaris ta ce ta adana. Sa'an nan ta share ƙaramin ɗakin shi kaɗai, ta zuba masa sabuwar manhaja, ta matsa bangon kaɗan ta ƙara masa faɗi, ta nuna wa yayanta inda tarkace ke taruwa da yadda ake kwashe shi. Wurin da ta bari babu komai, wannan karon bai tambayi na wane ne ba.

Da la'asar Irmiya ya iso, furfura ta cika masa kai. Ya tsaya a ƙofar gida kamar baƙo, sai da aka kama hannunsa. Aka sa masa kujera a gindin mangwaron, aka kawo kwamfutar aka kunna. Tsohuwar ta ɗago kai daga gyaɗarta ta dube shi.

Ta ce, "Irmiya, in kana jin wannan, to ka zo gida ke nan. Sannu da hanya. Sun ba ka abinci? Maganar nan da ka faɗa, na yafe tun kafin motarka ta fita daga gari, kai ne ba ka tsaya ka ji ba. Ɗakinka yana nan. Ƙaninka ya so ya zuba kwalayensa a ciki, na hana. An so a zuba buhunan masara, na hana. Sun ce ɓarnar wuri nake yi, na ce wurin yana da mai shi. Makulli yana hannun Damaris. Shiga ka huta, ɗana."

Damaris ta ciro makullin ta buɗe. Ɗakin a share yake, babu komai sai gado da tabarma. Irmiya ya tsaya a bakin ƙofar yana kuka irin na yara, ƙannensa biyu suna riƙe da shi, su ma suna yi. Washegari a majami'a, da aka ba dangi dama, shi ne ya fara miƙewa ya yi godiya.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Faifan ajiyar nan ranka ne, da kwanakin da Ubangiji ya ba ka. Suna da iyaka, ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Babban ɗakin shi ne gona da kasuwa da makaranta da hidimar yara, Allah kuwa bai yi mana rowarsa ba, shi ne ma ya fi faɗi. Ƙaramin ɗakin ita ce zuciya, inda kai da Mahaliccinka kuke ganawa. Daga nan komai yake tashi. In nan ya mutu, duk abin da ka tara a babban ɗaki yana nan, amma ba ka da hanyar jin daɗinsa.

Mu kuwa, da yawanmu mai hoton nan ne. Ba ma iya ganin sa'a guda a buɗe. Da ka samu ɗan shiru sai hannu ya tafi aljihu, waya ta fito. Ina ganinku daga nan gaba, kada wani ya sunkuyar da kai yanzu kamar addu'a yake yi. Ga taron kwamiti, ga biki, ga gardamar ƙwallo, ga maganar da wance ta faɗa bara wadda har yau ba ka kwashe ba. Kowanne ya wuce sai ya bar tarkacensa a zuciya. Ɗan akwatin gargaɗi kuma yana fitowa. Wani lokaci lamirinka ne, wani lokaci matarka ce ke cewa kwana biyu ba ka zauna da mu ba, wani lokaci jikinka ne da kansa. Kana rufewa ba ka karanta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne irin sharar da muke yi in wuri ya ƙure. Ba tarkacen muke kwashewa ba. Addu'ar safe muke fara gogewa, don ba ta kawo ko ƙwayar hatsi da ido ke gani. Sai zama da Maganar Allah ya bi, sai sujada, sai cin abinci tare da iyali. Mu ce wannan ba aikin kowa ba ne, zaman me yake yi? Kwana biyu mu ji wuri ya buɗe, har mu yi fahariya. Sa'an nan wata safiya mutum ya tashi ya ji ransa baƙi ƙirin, ya rasa dalili. Ya goge abin da yake tashi da shi. Wanda ya kai nan kada ya saurari mai cewa komai ya ƙare. Ya kira ɗan'uwa a cikin ikkilisiya, ko da wanda ya yi wa faɗa ne, ya buɗe baki ya faɗi abin da ya goge.

Amma ban kawo muku misalin nan don faɗa ba, don godiya na kawo shi. Bangon nan shi ne iyakokin da Allah ya ja mana: ranar hutu da ya ce a keɓe, alkawarin aure, abin da ya ce kada a taɓa, ƙofar da muka ƙwanƙwasa ya ƙi buɗewa. Sau nawa muka roƙe shi ya rushe? Har fushi mun yi, mun kashe masa waya. Shi kuwa ya san hannunmu ya fi mu saninsa. Ya ji kukanmu, ya zo, ya share, ya ƙara mana faɗi inda muka matsu, bangon dai ya bar shi tsaye. Kowa a nan in ya duba baya da gaskiya, zai ga wani abu mai daraja da yake da shi yau domin wata addu'arsa da ba a amsa yadda ya so ba. Wani aurensa ne, wani sunansa ne, wani ransa ne ɗungum. Mun saba gode wa Allah domin abin da ya ba mu. Yau mu gode masa domin abin da ya hana mu.

Ɗakin da tsohuwar ta ƙi bari a cika kuwa, wannan shi ne alherin Ubangiji. Tun kana nesa, tun bakinka bai iya furta tuba ba, ya riga ya yafe, ya share wuri ya ajiye da sunanka. Bai ba wani ba, bai zuba kaya a ciki ba. Sharaɗinsa guda ne, irin na tsohuwar: ba a aika wannan magana daga nesa, sai ka zo gida ka zauna ka ji.

Saboda haka a makon nan, kowa ya buɗe ƙaramin ɗakinsa ya kwashe tarkace, ya bar wani wuri babu komai. In an tambaye ka wa ka ajiye wa, ka ce wurin yana da mai shi. Shi da ya ajiye mana ɗaki duk tsawon shekarun da muka ƙi zuwa, bai kamata ya zo wurinmu ya tarar da kwali har bakin ƙofa ba. Mu tashi tsaye mu yi masa godiya.